Tambaya da Amsa: Ina son in haɗa injin finbol da hannuna, ta ina zan fara?

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon duk saƙonnin da na ɗebo a kan abu ɗaya suke, wato finbol, wasan nan da ake harba ƙwallon ƙarfe a kan allo mai gangara cikin akwati mai rufin gilas, mutum yana tare ta da 'yan hannuwa guda biyu don kar ta faɗa rami. A fitowar da ta wuce layi biyu uku kawai na yi a kai, na ce abu ne da mai haƙuri zai iya haɗawa a gida, ashe masu sha'awa suna da yawa. To bismillah.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ɗalibi ne ina karanta injiniyanci a Kaduna, kuma gaskiya ban taɓa ganin injin finbol ido da ido ba, wanda na sani shi ne na cikin kwamfuta da muke bugawa a kafe muna yara in netwok ya ɗauke. Yanzu ina son in haɗa na gaske, har na zana hoton da zan sa a jikin allon na zaɓi kalar fitilu. Me ya rage min?

AMSA: Ƙanena sannu da ƙoƙari, wancan da kuke bugawa a kafe Space Cadet ne da yake zuwa da Windows XP, kuma mu da yawa ta nan muka san wasan. Amma zan faɗa maka gaskiya, ka faro daga ƙarshe ne. Hoto da fitilu su ne abu na ƙarshe da ake yi, ka naɗe zanenka ka adana shi da kyau, ranarsa na zuwa.

Su kansu manyan kamfanonin da ke ƙera shi a yankin Shikago ta Amurka, irin su Stern da Jersey Jack yanzu, da Williams da Bally da Gottlieb a da, ba sa fara fenti. Abin da suke fara yi suna kiran shi waitwud, ma'ana farin katako, allo ne tsirara ba zane ba ado, an ɗaura masa hannuwan da turaku da robobi kawai, a yi ta buga shi ana cire wannan ana matsar da wancan, in ya cika da huji a jefar a yanko wani. Sukan yi biyu, uku ko fiye kafin mai zane ya taɓa shi. Dalili kuwa shi ne ƙwallon ce ke yanke hukunci, takarda ba ta yi. Za ka zana hanya a takarda ka ga ta yi kyau kamar me, ka ɗora ƙwallo ta ƙi bin ta ƙememe, kuma ba yadda za ka yi da ita sai dai kai ka bi ta.

Ga awon da aka saba da shi. Faɗin allo inci 20 da kwata, wajen santimita 51 ke nan, tsawo kuma inci 42 zuwa 46 gwargwadon kamfani da zamani. Ƙwallon inci 1 da kashi ɗaya cikin 16 ce, milimita 27, nauyinta wajen giram 80. Hannuwan nan da ake kira filifa tsawon kowanne inci 3, tsakanin sandunan da suke juyawa a kai kuma kusan inci 7.

Daga ƙasa ake farawa, ba daga sama ba. Ka kafa filifa biyun tukunna, sai 'yan danƙon nan masu kusurwa uku da ke saman kowane filifa suna watsa ƙwallo in ta taɓa su, sai lungun ciki da ke maido da ƙwallo kan filifa, da lungun waje da ke kai ta rami. Wannan ɓangaren na ƙasa shawarata kar ka ƙirƙiri komai a cikinsa a injinka na farko, ka kwafi tsarin da aka saba, don shekaru aka kwashe ana gyara shi kafin ya zauna haka. Ka san filifa ma sai 1947 ya shigo wasan, a wani injin Gottlieb mai suna Humpty Dumpty da Harry Mabs ya tsara, kuma guda shida ya sa a gefe da gefe. Steve Kordek ne a 1948, a injin Triple Action na kamfanin Genco, ya rage su zuwa biyu ya sauko da su ƙasa kusa da rami, shi ne ake kai har yau.

In ka gama ƙasa sai ka ɗauki dogon rula da fensir ka ja layuka daga kan kowane filifa zuwa sama kamar mafici. A nan akwai abin da dole ka riƙe: in ƙwallo tana gangarowa kan filifan dama ka buga da wuri tana kusa da gindinsa, sama za ta yi ta ɓangaren dama ko tsakiya, in ka jinkirta har ta kai bakinsa sai ta tsallaka can hagu. Duk wani abu da kake son mai wasa ya saita, gada ce (hanyar hawa da ke ɗaga ƙwallo sama da allo) ko lungu ko ɗan allo, dole ya zauna a kan ɗaya daga cikin layukan nan kuma bakinsa ya fuskanci filifan, ya bi kwanciyar layin. In bakin lungu ya kalli wani wuri daban to ƙwallo za ta rinƙa dukan gefensa tana dawowa, mai wasa kuma zai ɗauka shi ne bai iya ba alhali laifin mai tsarawa ne.

TAMBAYA: Salam Malam. Kafinta ne ni a Kano, yarona ya nuna min bidiyon abin a waya ya ce in yi masa. Wane katako ya dace, kuma gangarar nawa ake ba shi? Ƙwallon fa a ina zan samu?

AMSA: Wa alaikumus salam Baba, Allah ya yi wa yaron albarka, kai ma ya saka maka. Ai ku ne kuka fi kowa kusa da wannan aikin. Filawud ake amfani da shi mai kaurin rabin inci ko ɗan fiye kaɗan, mai fale-fale da yawa wanda ba rami a cikinsa, su can na wani ice mai suna baac suke so saboda tauri da santsi. In ka shiga 'yan katako a Na'ibawa ka duba bakin allon da kyau, wanda ka ga layukansa sun haɗe ba gurbi shi za ka ɗauka, sannan ka kwantar da shi ka ɗora dogon rula ka ga ko ya banƙare. Amma na gwajin farko kar ka kashe kuɗi, ragowar filawud ɗin da ke shago ya isa muddin a miƙe yake, tunda huda shi za ka yi ta yi. Ka fi ni sanin yadda katako ke sha da damina ya bushe da hunturu, saboda haka ka ɗaura masa sanduna biyu a dogayen gefensa su riƙe shi, don banƙarewar da ido ba ya gani ƙwallon ƙarfe tana gani, za ka ga kullum ɓangare ɗaya take zurarewa.

Gangara digiri 6 da rabi ake ba injinan zamani, tsofaffin na da ba su kai haka ba shi ya sa wasansu ya fi sanyi. In ba ka da ma'aunin digiri ga lissafi mai sauƙi, duk mita ɗaya na tsawon allo ka ɗaga bayansa da santimita 11 da ɗan ɗori, allon inci 42 kuwa wajen santimita 12. Wayar yaron ma za ta iya aunawa, akwai manhajar awon gangara kyauta, a kwantar da wayar a kan allon kansa. Hagu da dama kuma dole su daidaita cif, nan sai da lebur.

Ƙwallo kuwa ka leƙa wajen masu tsofaffin boris na manyan motoci da injina a Ƙofar Ruwa, ka tafi da abin awo ka nemi mai milimita 27, kuma ta zama sumul ba tsatsa ba tabo, don mai tabo tana cin allo kamar sanfefa. In wadda ka samu ta fi haka ƙanƙanta ba laifi, sai dai ka rage faɗin lunguna da tazarar filifa daidai da ita. Abu ɗaya da nake roƙonka Baba, kar ka rufe shi da gilashin taga. Ƙwallon tana tsalle, injinan gaske gilas mai tauri ake sa musu irin wanda in ya fashe yake zama tsaki-tsaki, in babu shi ka sa roba mai kauri wadda ake hango ciki.

TAMBAYA: Malam ni a ganina ɓata katako ne. Na ji akwai manhajar da ake zana filin a kwamfuta a buga shi a nan, me zai hana in gama komai a ciki sannan in kai a yanka min sau ɗaya? Daga wani mai gyaran kwamfuta a Maraɗi.

AMSA: Ɗan'uwa akwai ta kuwa, Visual Pinball sunanta, kyauta ce, tun wajen shekarar 2000 take, akwai kuma Future Pinball. Ina ba ka shawara ka yi amfani da ita, za ta nuna maka manyan kurakurai da wuri, kamar hanyar da filifa ba zai taɓa kaiwa ba ko wurin da ka cunkushe. Amma maganar yanka sau ɗaya ka cire ta. Ƙwallon cikin kwamfuta lissafi take bi, ta gaske kuwa tana juyi a kanta, tana tsalle, robar yau ba ta jiya ba ce in zafi ya taɓa ta, kwayil, wato naɗin wayar da ke motsa filifa, in ya ɗumama ƙarfinsa na raguwa. Kuma kwamfuta za ta bar ka ka sa abubuwa biyu dab da juna a sama, sai ka juya allon gaske ka tarar injinan da ke ƙarƙashinsu ba za su zauna wuri ɗaya ba, wannan kuskuren ya ci mutane da yawa. Saboda haka ka zana ƙasan allon tare da samansa. Tsakanin kwamfuta da katako kuma akwai kwali, ka yanka shi ka manna da gam ka yi gadoji da bangaye da shi, rabin awa ka gwada abin da zai ci maka kwana uku a ƙarfe.

TAMBAYA: Malam don Allah ina da damuwa. Ɗana ya dage sai ya haɗa wannan abin, ni kuma da na ga hotonsa da wurin saka kuɗi sai ya yi min kama da injin caca. Ba caca ba ce kuwa? Daga wata uwa a Zariya.

AMSA: Hajiya tambayarki a kan hanya take, kuma ba ke kika fara wannan zargin ba. A farkon shekarun 1930 da wasan ya bazu a Amurka, lokacin su Baffle Ball na David Gottlieb a 1931 da Ballyhoo a 1932, babu filifa sam, ka harba ƙwallo ne ka tsaya kana kallo ta sauko tsakanin ƙusoshi ta faɗa inda ta faɗa, kuma wasu injinan har kuɗi suke biya in an dace. Wannan kam sa'a ce zalla. Shi ya sa magajin garin Niyok, Fiorello La Guardia, ya haramta shi a 1942, 'yan sanda suka kwashe dubbai aka farfasa da guduma, Shikago da Los Anjeles su ma sun hana.

Zuwan filifa ne ya canza abin, don yanzu hannun mutum ne ke aiki. A 1976 wani matashin marubuci mai suna Roger Sharpe ya tsaya gaban majalisar birnin Niyok ya buga, ya nuna musu lungun da zai jefa ƙwallo kafin ya harba, ta kuma shiga nan ɗin, majalisar ta ɗage haramcin. Wurin saka kuɗin da kika gani a na kasuwa kuɗin wasa ne kamar yadda yara ke biya su buga gem ko sunuka, injin ba ya mayar wa kowa da kuɗi. Wanda ɗanki zai haɗa a gida ma ba ya buƙatar wurin kuɗi kwata-kwata, maɓalli ɗaya ya isa. Abin da za ki sa wa ido shi ne kar abokai su mai da shi wurin sa kuɗi a tsakaninsu, wannan ko da ƙwallon ƙafa aka yi caca ce, hukuncin shari'a dalla-dalla kuma malamai ne masu shi, ki tambaye su. Ni dai abin da na sani yaron da ya haɗa wannan zai fito da kafinta da wayarin da lissafi da shirin kwamfuta a hannunsa, ina roƙonki ki ba shi dama, sai dai ki sa babba ya tsaya masa a ɓangaren wuta.

TAMBAYA: Malam na riga na haɗa nawa da filawud, filifa na hannu ne da sanda da sifirin ba wuta. Matsalata uku: ƙwallo tana maƙalewa a bayan turaku, gadar da na yi ƙwallo tana hawa rabi ta dawo, in ta dawo kuma tsakiyar filifa take bi ta faɗa rami kai tsaye. Na kusa haƙura. Daga wani mai walda a Jos.

AMSA: Kai ɗan'uwa kar ka haƙura, wallahi saƙonka ya fi kowanne faranta min rai, don kai ka riga ka shiga ainihin aikin, waɗannan ukun da ka lissafa su ne abin da farin katako yake don su.

Maƙalewa tukunna. Duk inda abubuwa biyu suka yi kwari kamar bakin murhu suna kallon sama, ko wani bango ya kwanta a gicciye ba gangara, ƙwallo za ta samu wurin zama. Ka cire hannunka daga filifa, ka ɗauki ƙwallon ka rinƙa ajiye ta a hankali a kowane lungu da saƙo na allon kana saki ba turawa, duk inda ta tsaya ka zagaye da jan biro. Maganinsa ɗaya daga biyu ne, ko ka buɗe tazarar ta wuce faɗin ƙwallo sosai ta zurare, ko ka toshe wurin gaba ɗaya yadda ba za ta shiga ba. Tazarar da ta yi daidai da ƙwallo cif ita ce mugu, yau ta wuce gobe ta tsaya. Kar ka manta da saman robobi da bayan gada, don ƙwallo mai tsalle tana sauka inda ba ka zata ba.

Gada kuma, ka fara duba bakinta. In akwai ɗan tudu ko da na kaurin farce inda gada ta haɗu da allo, ƙwallo tana tuntuɓe a nan ta zubar da rabin gudunta, shi ya sa a injinan gaske ake sa wani siririn fallen ƙarfe mai sifirin a bakin ya kwanta a kan allo. Kai mai walda ne ba sai na gaya maka inda za ka samu falle ba. Sai hawan kansa, kar ya miƙe tsaye daga farawa, ya fara a kwance yana ƙaruwa a hankali, kuma kar ka sa kwana mai tsanani tun ƙwallo tana kan hawa, ka bari ta kai sama tukunna. Ka tuna allon kansa hawa ne, gadar da ke can ƙarshen allo ƙwallo ta riga ta gaji kafin ta iso ta. Faɗin baki kuma in bai kai inci 2 ba ya yi wa sabon ɗan wasa tsauri, in yana nesa ka ƙara. Amma ina zargin filifanka na hannu ma yana da nasa kason, don ƙarfin yatsa da sifirin ba zai kai na kwayil ba, saboda haka ko ka rage tsayin gadar ko ka matso da ita ƙasa. Ka sa wani ya ɗauka maka bidiyo mai tafiyar hawainiya da waya, za ka ga daidai inda take rasa gudu, gani ya kori ji.

Na ukun shi ne ya fi muhimmanci, kuma a nan ake gane wanda ya iya tsara fili. Yawancin masu farawa tunaninsu inda ƙwallo za ta je, ba sa tunanin inda za ta dawo. Kowane bugu yana da dawowa iri biyu, in an dace da in an kuskure, kuma dole ka bi duka biyun da ido. In bakin gadarka yana fuskantar tsakiyar filifa to duk wadda ta hau rabi ta juyo rami za ta, sai ka ɗan karkata bakin yadda mai dawowa za ta sauka a kan filifa ɗaya. Wani lokacin matsar da turke ɗaya da milimita 3 ya gama maganar. Wanda ya dace kuma a saka masa, gadar ta zagayo da ƙwallo ta sauke ta a lungun ciki ta gangaro kan filifa a natse don ya sake bugawa. Wannan zagayen da ba ya yankewa shi aka san mai tsara finbol Steve Ritchie da shi, wanda ya yi Black Knight a 1980 mai fili hawa biyu. Pat Lawlor kuma nasa salon daban, yana son ƙwallo ta faɗa wani rami ta tsaya, injin ya yi wani abu, sannan ya tofo ta, kuma injinsa The Addams Family na 1992 an sayar da fiye da 20,000, babu injin filifa da ya kai shi. Ka ga ke nan duka salon biyu suna ci, ni dai na fi son na gudu, amma ka zaɓi ɗaya da gangan.

Haɗari kuma ba a cire shi duka, in ƙwallo ba ta faɗawa rami wasan ba daɗi. Abin da ake so shi ne mai wasa ya ji cewa shi ya jawo, ya saita abu mai haɗari don maki mai yawa ya kuskure. Ga yadda za ka auna: ka samu takarda ka buga ƙwallo 100, kowacce ka rubuta ta inda ta mutu, tsakiya, lungun hagu ko na dama, da abin da ta taɓa na ƙarshe. Sannan ka kira yaran unguwa da ba su taɓa bugawa ba ka koma gefe ka yi shiru, kar ka koya musu komai. Kai ka riga ka saba da allonka hannunka yana kauce wa aibinsa ba ka sani ba, su kuwa cikin minti goma za su tono maka shi. Kuma canji ɗaya a lokaci ɗaya, in ka matsar da abu uku tare ba za ka san wanne ya gyara wanne ya ɓata ba.

TAMBAYA: Malam ni mai rewayin ne, zan iya naɗa kwayil ɗin filifa da kaina? Wace wuta yake sha?

AMSA: Maigida za ka iya, kwayil ne mai rami a tsakiya da sandar ƙarfe da yake zuƙowa in wuta ta shiga, sandar ta ja hannun da ke juya filifa. Injinan zamani bolt 48 zuwa 50 suke ba shi, wuta irin ta batir (DC), ba ta NEPA kai tsaye ba. Sirrin shi ne naɗi biyu ne a jiki ɗaya, na farko waya mai kauri wajen om 4 don bugu, ka ga amfiya 12 ke nan a bolt 48, na biyu siririyar waya fiye da om 100 don riƙe filifa a sama in mutum ya danne maɓalli. Da filifa ya kai ƙarshen tafiyarsa akwai wani suwic da yake taɓawa a yanke naɗin farko a bar na biyu, in babu wannan cikin ɗan lokaci kwayil zai ƙone, kai ka san warin. Wasu na yanzu naɗi ɗaya suke yi, kwamfuta ta ba shi cikakkiyar wuta na milisakan 20 zuwa 30 sannan ta rinƙa ba shi a gutsure. Kar ka manta da dayod a kan kwayil ɗin, irin 1N4004, don in wuta ta yanke yana mayar da duka baya ya kashe taransisto, sannan fiyus a kowane layi. Da yanayin wutarmu kuma ka raba abin da ke ciyar da kwayil da wanda ke ciyar da kwamfuta, in ba haka ba duk bugu sai ta ɗauke ta sake tashi.

Ɓangaren ƙwaƙwalwa akwai allunan da ake sayarwa don masu haɗin gida kamar P-ROC da FAST, da manhajar Mission Pinball Framework wadda kyauta ce an rubuta ta da Python, ita ke lissafin maki da fitilu da sauti. Shigo da su da tsada, ƙaramin allon kwamfutar nan Arduino ya isa ya tuƙa filifa biyu da 'yan danƙo ya ƙirga maki a matakin gwaji. Ramukan fitilu kuwa kar a huda su yanzu, a manna farin tef a rubuta da maka, sai dokokin wasan sun zauna. Bayan nan ne zane, sannan a kai wa mai fentin mota ya fesa masa farin ruwan nan mai tauri da ake rufe fenti da shi, shi ke hana ƙwallo cin zanen.

TAMBAYA: Malam wai akwai wanda ya taɓa haɗa nasa a gida har kamfani ya karɓa? Daga wata ɗaliba a Yamai.

AMSA: Akwai ƙanwata. Scott Danesi ya haɗa nasa a gida, har kiɗan ciki shi ya yi, ya rinƙa kai shi wuraren baje kolin finbol mutane suna layi a kansa, a 2017 kamfanin Spooky Pinball da ke jihar Wiskonsin ya ƙera ɗaruruwa da sunan Total Nuclear Annihilation. Abin da nake so ki lura da shi, filin nan babu gada ko ɗaya, shimfiɗe yake irin na farkon shekarun 1980, gudunsa da dawowar ƙwallonsa ne suka sayar da shi. Keith Elwin kuma gwanin buga wasan ne da ya ci gasa da yawa, filin da ya tsara a gida shi Stern suka ɗauka tare da shi kansa, ya fito a 2018 da sunan Iron Maiden. Mai walda na Jos, in ka gyara bakin gadar nan ka turo min takardar ƙwallo 100 ɗin da hoton allon daga sama, da jan biron a jiki, zan sa a fitowa ta gaba mu duba tare.